Aljeriya: ƙasar da ta fi kowace faɗi a Afirka, me ya sa ƙofar bayanta kawai muka sani?

Tun da Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a gyara taswirar duniya a watan Agustan 2025, bisa hujjar cewa taswirar da aka saba liƙawa a bangon aji tana ƙanƙantar da Afirka tana kumbura Turai, wata tsohuwar gardama ta sake tasowa a majalisun shayi da shafukan sada zumunta: to a cikin Afirkar ma, wace ƙasa ce ta fi girma? Wani ya ce Najeriya, ai ita ce giwa. Wanda ya yi makaranta kafin 2011 ya rantse Sudan ce, haka malamin labarin ƙasa ya koya masa. Wani kuma ya ce Kongo.

Amsar ita ce Aljeriya. Amma da an faɗi haka sai wata tambaya ta biyo baya. Ƙasar da ke da teku, da duwatsun da ake dusar ƙanƙara a kansu, da kufan biranen Rumawa, da kaburburan malaman da sunayensu ke cikin littattafan zaurukanmu, me ya sa ba a jin ana cewa za a je ta yawon buɗe ido kamar yadda ake cewa Maroko ko Masar? Kuma me ya sa mu da muke maƙwabtaka da ita, in an ce Aljeriya, abin da ke faɗo mana a rai bai wuce ƙwallon ƙafa, dabino, da motocin da ke sauke 'yan ci-rani a Asamaka, garin Nijar da ke bakin iyaka, ba?

Wane irin girma ake nufi?

Gardamar takan yi tsawo ne saboda kowa da ma'aunin da ya riƙe. In yawan jama'a ake nufi, Najeriya ce gaba, babu ja. In faɗin ƙasa ake nufi, Aljeriya na da murabba'in kilomita 2,381,741, ita ce ta goma a duniya. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo na bin ta a baya da ɗan ƙaramin rata, tana da kusan miliyan 2.34. Masu cewa Sudan ba ƙarya suka yi ba, zamani ne ya wuce su: Sudan ce ke riƙe da kambun har ranar 9 ga Yulin 2011, ranar da Sudan ta Kudu ta ɓalle.

Lissafin ya fi shiga kai in aka kawo shi gida. Najeriya na da murabba'in kilomita 923,768, Nijar kuwa 1,267,000. Ka haɗa su biyun ka jefa cikin Aljeriya, za su shige, har a samu rarar fili. Daga Aljiyas babban birni zuwa Tamanrasset a kudu tafiyar kusan kilomita 2,000 ce a mota, wato kamar ka tashi daga Kano ka je Legas ka juyo. Mutumin Aljiyas ya fi kusa da birnin Marseille na Faransa, wanda teku ya raba su, fiye da ɗan ƙasarsu na Tamanrasset.

Duk da wannan fili, mutanen ƙasar kusan miliyan 47 ne, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ba. Kuma kusan tara cikin goma na waɗannan mutane a cunkushe suke a wani siririn yanki na arewa, kusa da Bahar Rum. Sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Sahara ce. Wannan rabon shi ne bakin zaren duk abin da za a faɗa a ƙasa: mutane suna arewa suna fuskantar teku, fili da dukiyar ƙarƙashin ƙasa suna kudu suna fuskantar mu.

Daga bakin teku zuwa iyakar Nijar

Wanda ya taso daga arewa ya nufo kudu zai ratsa shimfiɗu huɗu. Ta farko ita ce wadda suke kira Tell: gaɓar teku mai tsawon sama da kilomita 1,200, da filayen noma irin su Mitidja a bayan Aljiyas, da jerin duwatsun Atlas. Nan daminarsu a lokacin sanyi take, saɓanin tamu. Ana noman alkama, zaitun, lemo, inabi da ɓaure. A duwatsun Djurdjura na ƙasar Kabilawa da kuma Chréa kusa da Blida, dusar ƙanƙara na rufe hanya a watan Janairu. Kogin da ya fi tsawo a ƙasar, Chelif, kusan kilomita 700 ne, wanda a ma'aunin masu kogin Kwara ba wani abin faɗa ba ne. Ƙasar ba ta da babban kogi ko ɗaya, shi ya sa ruwan sha ya zama maganar siyasa, har biranen gaɓa suka koma tace ruwan teku.

Shimfiɗa ta biyu tuddai ne masu faɗi, busassu, ƙasar tumaki da ciyawa da tafkunan gishiri. Ta uku wani jerin duwatsu ne da ake kira Atlas na Sahara, wanda ya haɗe da duwatsun Aurès a gabas, inda aka harba harsasan farko na yaƙin 'yanci. Daga nan sai a gangara cikin Sahara.

A nan akwai kuskuren da hotuna suka dasa mana, cewa Sahara tulin rairayi ce daga farko har ƙarshe. Mutanen wurin sun raba ta suna-suna. Tekun rairayi shi ne erg, kuma Aljeriya na da manya biyu, na gabas da na yamma. Filin tsakuwa shimfiɗaɗɗe shi ne reg. Tudun dutse fayau wanda iska ta share shi ne hamada, kalmar da mu Hausawa muka ara muka yi wa dukkan sahara suna da ita. Rairayin shi ne ƙaramin kaso. Yawancin abin da matafiyi zai gani dutse ne da tsakuwa. Can ƙurya kuma, kafin a iso iyakar Nijar, duwatsun Hoggar ne suka miƙe, ciki har da Tahat mai tsayin kusan mita 2,900, wuri mafi tsawo a ƙasar. Saboda tudun nan Tamanrasset ta fi In Salah sauƙin zafi nesa ba kusa ba, duk da ta fi ta kudu. A Ouargla an auna zafin da ya kai digiri 51.3 a watan Yulin 2018. A farkon shekarar 2018 ɗin kuwa dusar ƙanƙara ta sauka a kan jan rairayin Aïn Séfra. Duk ƙasa ɗaya.

Yadda aka yi ta yi wannan faɗi

Ba haka taswirar take ba tun fil'azal. A zamanin da Turkawan Usmaniyya ke da iko a Aljiyas, mulkinsu bai yi nisa cikin Sahara ba. Garuruwan dausayi suna da nasu shugabanni, Buzayen Hoggar suna da nasu sarkin. Faransa ta kama Aljiyas a 1830, ta sha fama da Amir Abdulƙadir har 1847, sannan ta riƙa kutsawa kudu sannu a hankali. Sai wajen 1900 ta kama In Salah, a 1902 ta karya Buzayen Hoggar a yaƙin Tit. Layin da ya raba Aljeriya da Nijar da Mali a yau, asalinsa layin cikin gida ne da hafsoshin Faransa suka ja tsakanin sojojinsu da suka gangaro daga arewa da waɗanda suka hauro daga Afirka ta Yamma. Shi ya sa ya miƙe ɗoɗar kamar an ja da rula, kuma shi ya sa ya ratsa tsakiyar dangin Buzaye ya raba su gida biyu.

Har tsakiyar ƙarni na 20 Faransa na kallon kudun nan a matsayin fili kawai da sojoji ke gadi. Shekarar 1956 ce ta sauya lissafi: aka samu man fetur a Hassi Messaoud, aka samu iskar gas a Hassi R'Mel, alhali yaƙin 'yanci da ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamban 1954 na ci. Nan take Faransa ta fara neman yadda za ta yanke Sahara ta riƙe, ko da ta saki arewa. Akwai dalili na biyu: a Reggane ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin iskar hunturu daga can take busowa. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961, Najeriya ko wata huɗu ba ta yi da samun 'yanci ba.

Shugabannin FLN, ƙungiyar da ta jagoranci yaƙin 'yanci, suka kafe cewa ko dai a ba su ƙasar da Sahararta ko a ci gaba da yaƙi. Tattaunawa ta watse a kan wannan batu a 1961, sai da Faransa ta sauko aka sa hannu a yarjejeniyar Evian a watan Maris na 1962, aka yi shelar 'yanci a watan Yuli. 'Yan ƙasar na cewa shahidai miliyan ɗaya da rabi suka bayar. Masana tarihin Faransa na kawo adadin da bai kai haka ba. Ko wanne aka ɗauka, a ganina wanda bai san wannan tarihi ba ba zai gane abin da ya sa hukumomin Aljeriya ke da kishin iyaka da zargin baƙo har ya yi yawa ba. Ƙasar da aka yi yunƙurin yanke mata kashi huɗu cikin biyar ba ta kallon Bature mai kyamara a cikin Sahara da ido ɗaya da maƙwabtanta.

Biranen da ke fuskantar teku

Sunan ƙasar daga babban birninta ya samo asali. Al-Jaza'ir na nufin tsibirai, wasu 'yan ƙananan tsibirai ne da ke gaban tashar jiragen ruwa waɗanda aka haɗe da gaɓa tun ƙarni na 16. Birnin a jikin tudu yake, fararen gidaje hawa-hawa suna gangarowa teku. Tsohon garin, Kasba, lunguna ne da matattakala inda mota ba ta shiga, har yau da jakuna ake kwashe shara a wasu sassansa. Hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, amma gine-ginensa da dama na rushewa, kuma mazauna sun daɗe suna kukan gyaran da ba ya ƙarewa. A ƙasansa masallacin Ketchaoua yake, wanda Faransawa suka mayar coci, aka dawo da shi masallaci a 1962. A kan tudu akwai hasumiyar tunawa da shahidai da aka gina a 1982. Sabon abin kallo kuwa shi ne Babban Masallacin Aljeriya, mai hasumiyar mita 265, wadda ta fi kowace hasumiyar masallaci tsawo a duniya, an tsara harabarsa ta ɗauki masallata 120,000. Ko a cikin gida an yi ta muhawara a kan kuɗin da ya ci, wasu na cewa da asibitoci aka gina.

Oran, ko Wahran, ita ce ta biyu, a yamma. Sifaniyawa sun riƙe ta kusan ƙarni uku, ganuwarsu ta Santa Cruz na nan bisa dutse tana kallon gari. Nan ne cibiyar wani salon kiɗa nasu da ake kira raï, wanda a da ake ganinsa na 'yan duniya, yanzu kuma UNESCO ta karɓe shi a 2022 cikin jerin gadon al'adun duniya.

In da za a ce in zaɓi birni ɗaya, Kustantina zan ɗauka. An gina ta a kan wani ƙaton dutse da kogin Rhumel ya zagaye da rami mai zurfi, sai ta gadoji ake shiga. Gadar Sidi M'Cid da aka buɗe a 1912 tana rataye kusan mita 175 sama da ruwa. Garin ya girmi Musulunci, ya girmi zuwan Rumawa, a da sunansa Cirta. Shi ne kuma garin Shehu Abdulhamid bin Badis, wanda ya jagoranci farfaɗo da karatun Larabci da addini a lokacin da Faransa ke cewa Aljeriya yanki ce ta Faransa.

Sauran a taƙaice: Annaba a gabas, inda kufan Hippo yake, garin da Augustine, babban malamin Kiristanci, ya yi limanci. Bejaya, wadda a dā take fitar da kakin zuma zuwa Turai har Faransawa suka sa wa kyandir sunanta. Setif, wadda sunanta ke haɗe da kisan gillar da Faransawa suka yi wa 'yan ƙasar daga 8 ga Mayun 1945. Sai kufan Rumawa guda uku, Timgad da Djemila da Tipasa. Timgad, wadda Sarki Trajan ya kafa a shekara ta 100 miladiyya, rairayi ne ya binne ta ya adana ta, titunanta na nan a miƙe kamar gidan dara. A Italiya irin wannan wuri sai an bi layi. A nan mutum na iya wuni a ciki bai haɗu da mutum ashirin ba.

Kudun da ya san mu, muka san shi

Akwai Aljeriyar da malamanmu suka sani tun kafin a ƙirƙiro sunan Najeriya ko Nijar, sai dai ba da wannan suna suka san ta ba. Sun san Tilimsan, sun san Tuwat. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili mutumin Tilimsan ne, garin da ke yamma kusa da iyakar Maroko, wanda babban masallacinsa ya kusa shekara 900. Ya zauna a Tuwat, inda ya jagoranci rikici mai zafi da Yahudawan Tamentit, sannan ya ratso Sahara ta Abzin ya iso Katsina da Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa risala a kan yadda ake mulki. Sharifan Kano na danganta kansu da zuriyarsa. Kabarinsa na can a yankin Adrar, ana ziyartarsa. Wanda ya je zai ga foggara, ramukan ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa da hannu suna jawo ruwa daga nesa zuwa gonakin dabino, ana raba shi gida-gida da ma'auni, da mutum na musamman da aikinsa ke nan.

Ga 'yan Tijjaniyya kuwa maganar ta fi kusa. Da yawa sun san Fas ta Maroko domin can kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake. Amma a Ain Madhi aka haife shi, wani ƙaramin gari kusa da Laghouat a bakin Sahara, kuma a Abi Samghun, shi ma cikin Aljeriya, ɗariƙar ta fara. Har yau mazaunin halifan zuriyarsa na Ain Madhi. Wannan ma ya shiga cikin kishin da ke tsakanin Aljeriya da Maroko, kowace na so a ce ita ce gidan ɗariƙar, domin sun san miliyoyin mabiya na Afirka ta Yamma. Kusa da Biskra, ƙasar dabinon Deglet Nour, akwai kabarin Uƙba bin Nafi'u. Mazhabarsu Malikiyya ce, karatunsu Warshu, almajirin allo daga Damagaram ba zai ji baƙunta a sahu ba.

Banda wuri ɗaya da ba Malikiyya ba: kwarin M'zab, kusan kilomita 600 kudu da Aljiyas. Garuruwa biyar ne da mabiya Ibadiyya suka gina tun ƙarni na 11, mafi girma Ghardaia. Kowane gari a kan tudu, masallaci a tsakiya can sama, gidaje na zagaye shi suna gangarowa, kasuwa a ƙasa. A Beni Isguen baƙo ba ya yawo sai da ɗan rakiya, kuma ba a ɗaukar mutane hoto.

Abin da ya fi jan Turawa shi ne can kudu maso gabas, Tassili n'Ajjer, kusa da garin Djanet. Tudun dutse ne mai faɗin murabba'in kilomita 72,000, ɗauke da zane-zane sama da 15,000 a jikin duwatsu. Akwai raƙuman dawa, giwaye, dorinar ruwa, da makiyaya da garken shanu masu dogayen ƙaho, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Shaida ce cewa Sahara ta taɓa zama kore, kuma a jikin dutsen ana iya bin yadda ta bushe: shanu suka ɓace, dawakai suka shigo, daga ƙarshe raƙumi. A Djanet ɗin ake bikin Sebiba ranar Ashura. A Hoggar kuma mutane kan hau Assekrem su kwana don ganin fitowar rana a kan duwatsu, kusa da ɗakin da wani malamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya gina a 1911.

To me ya hana baƙi zuwa?

A 2024 Maroko ta karɓi baƙi miliyan 17.4, Tunisiya wajen miliyan 10. Aljeriya, wadda ta ninka Tunisiya sau goma sha huɗu a faɗi, miliyan uku da 'yan kai ta samu, kuma kaso mai yawa a ciki 'yan ƙasar ne mazauna Faransa da ke zuwa ganin gida, da maƙwabta 'yan Tunisiya.

Dalili na farko arziki ne. Mai da gas su ne kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sayarwa waje, ta hannun kamfanin gwamnati Sonatrach da aka kafa a 1963. Maroko da Tunisiya ba su da wannan rijiya, dole suka koyi tarairayar baƙo. Aljeriya ba ta taɓa matsuwa ba. Ɗan Najeriya ba ya bukatar dogon bayani a kan yadda mai ke sa a yi sakaci da sauran sana'o'i.

Na biyu tsaro. Bayan soke zaɓen da jam'iyyar FIS ta masu kishin Musulunci ke kan hanyar lashewa a farkon 1992, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa na kusan shekara goma, wanda ƙiyasi ke cewa ya ci rayuka tsakanin 100,000 da 200,000. Ana fara farfaɗowa sai aka sace Turawa 32 a Sahara a 2003, sannan aka kai hari ma'aikatar gas ta In Amenas a Janairun 2013. Arewa ta lafa tuntuni, amma suna in ya ɓaci yana daɗewa bai gyaru ba, kuma rikicin Libiya da Mali na nan a bakin iyaka.

Na uku biza. Aljeriya na bin ƙa'idar yadda ka yi mini haka zan yi maka: ƙasar da ke wahalar da 'yan Aljeriya, ita ma 'yan ƙasarta sai sun sha takardu. Ga kuma matsalar kuɗi. Katin banki na waje ba ya aiki a wurare da yawa, kuma canjin dinari a banki ya sha bamban da na kasuwar bayan fage da ake yi a dandalin Port Said na Aljiyas. Iyakar ƙasa da Maroko a rufe take tun 1994, an kuma yanke hulɗar jakadanci a 2021, musamman a kan rikicin Yammacin Sahara, don haka baƙon da ke Maroko ba zai iya tsallakowa ya ƙarasa yawonsa ba.

Gwamnati ta fara sassautawa. Tun 2023 wanda zai je kudu ta hannun kamfanin yawon buɗe ido da hukuma ta amince da shi na iya samun biza a filin jirgi, kuma ana maganar kai adadin baƙi miliyan 12 nan da 2030. Ra'ayi ya rabu a cikin gida. Masu goyon baya na cewa mai ba zai dawwama ba, matasa ba su da aikin yi, kuma kudu, wadda dukiyar ke fitowa daga ƙarƙashinta, ta daɗe tana kukan an bar ta a baya. A Ouargla matasa marasa aiki sun sha yin zanga-zanga a gaban rijiyoyin mai. Masu ɗari-ɗari na cewa ba sa so garuruwansu su koma kasuwar da komai na sayarwa ne, suna tsoron abin da zai samu al'ada, da ruwan dausayi, da zanen Tassili da ya riga ya fara shan ɓarna daga masu rubutu a kai. Ni dai ina ganin tsoron masu ɗari-ɗarin bai kusa tabbata ba: otal-otal da jirage da ma'aikatan da za su ɗauki miliyan 12 ba a shekara biyar ake samar da su ba.

Abin da ya shafi mutumin Kano da na Agadas

Aljeriya da Nijar na da iyakar kusan kilomita 950. Hanyar da ake kira ta ratsa Sahara, mai tsawon kusan kilomita 4,500, ta taso daga Aljiyas ta bi Ghardaia, In Salah, Tamanrasset, In Guezzam, ta shigo Asamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, Kano, ta dire a Legas. Kusan sawun ayarin raƙuman dā ta bi. Ɓangaren Aljeriya an shimfiɗa masa kwalta har iyaka. A kan wannan hanya dabino da taliya da madarar gari da man fetur ke gangarowa, dabbobi da kayan gona ke haurawa, wani ta hanyar musayar kaya da dokar Aljeriya ta halatta wa jihohin kudu, wani ta fasa-ƙwauri, domin kayan da gwamnati ta sa wa tallafi a can araha ne ƙwarai. A kasuwar Tamanrasset ana ciniki da Hausa.

Ana kuma maganar bututun gas na sama da kilomita 4,000 da zai taso daga Najeriya ya ratsa Nijar ya haɗe da bututan Aljeriya zuwa Turai. Ƙasashen uku sun sa hannu a kan takardar fahimta a 2022. Yana da kishiya, wato wanda Maroko ke so ya bi gaɓar teku. In na Sahara ya tabbata, ta arewacin Najeriya zai wuce, a kan layin Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. An fi shekara ashirin ana wannan magana, don haka gani ya kori ji. Siyasa ma na iya tsayar da komai dare ɗaya: a Afrilun 2025, da Aljeriya ta harbo jirgin Mali maras matuƙi a bakin iyaka, Mali da Nijar da Burkina Faso duk suka janye jakadunsu.

Mai niyyar ziyara, ko ta Ain Madhi ce ko ta kallo, ya nemi biza tun daga gida, ya bi jirgi. A 2025 kamfanin Air Algérie ya fara sauka Abuja. Watannin Oktoba zuwa Maris su ne na zuwa kudu, kuma a Tassili da Hoggar ba a shiga sai da ɗan jagora. Hutun mako Juma'a ne da Asabar. Larabcin makaranta zai yi aiki a masallaci da ofis, amma na titi cakuɗe yake da Faransanci da Tamazight, yaren Berbawa 'yan asalin yankin, wanda ya zama harshen hukuma a 2016.

Wanda ya bi ta ƙasa ba takarda kuwa, wata Aljeriyar daban zai tarar. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyaka, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2014 gwamnatocin biyu suka ƙulla yarjejeniyar maido da 'yan Nijar, daga nan korar ta faɗaɗa ta haɗa da 'yan wasu ƙasashe. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara mai taimakon 'yan ci-rani ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Aljeriya na cewa tsaron iyakarta take yi da yaƙi da masu safarar mutane. Ƙungiyoyin kare haƙƙi na cewa ana kama mutane a Oran da Aljiyas bisa launin fata, a raba su da 'yan kuɗinsu da wayoyinsu. 'Yan Nijar akan kawo su cikin ayarin motoci har Asamaka. Sauran, ciki har da 'yan Najeriya, akan sauke su a wani fili da ake kira Point Zéro, a nuna musu kudu, su taka kusan kilomita 15 a ƙasa kafin su ga gari.